Kwalbar da Na Ajiye a Gindin Turmi

Wurno, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki, ina gaida angona Nasiru da ƙanwarsa Kulu. Allah ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kun riga kun sauka Goronyo lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutanen daji, ya sa ɗakin da za ku shiga ya karɓe ku da alheri.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali gida ɗaya muka kwana, kuma ga waya. To, maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Na yi niyyar faɗa miki ita baki da baki ya fi a ƙirga cikin shekara biyun nan da kuka yi a wurina, tun ranar da kuka gudo daga ƙauyenku na ƙasar Rabah, amma duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji na koma zancen miya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi. Na sa takardar a cikin tsohon akwatin katakon nan na bangon ɗakina, wanda kika ce ba ki so. Na ji ki sarai da kika ce, "Inna, ɗaki guda na hwa munka samu, ina za ni kai wanga tsohon akwati?" Amma na riga na gama magana da direban da zai kwashe ku gobe, zai cusa shi ƙarƙashin katifa. Makullin yana ɗaure a jikin kwaɗon. In kin ga dama ki yi fushi, ai kin saba.

Na san har yanzu kina jin zafin abin da na yi miki ranar Asabar a gaban mutane. Maƙwabta sun cika tsakar gida suna taya ki ɗaurin kaya, Nasiru ya tsuguna gefen buhun tukwane, ya zaro gorar lemo yana kokawa da murfinta da haƙori. Ke kin gan shi kafin kowa, na lura da idonki. Amma da yake ɗan farinki ne, ga kuma mutane, sai kika kawar da kai kika ce da ni cikin dariya, "Inna, ga mijinki can shina ɓarna." Abin da ke cikin gorar ragowar maganin feshin albasa ne da babansa ya ɗura ya bari. Na fizge ta, na ture yaron har ya faɗi, na juyo na gaya miki maganganun da uwa ba ta gaya wa 'yarta a gaban baƙi. Tun ranar ba ki sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Kina da gaskiya, ban kyauta ba. Sai dai ba ke kaɗai nake yi wa faɗan ba, Luba. Akwai wata yarinya 'yar Marnona, mai shekara ashirin, da ta yi irin abin da kika yi a wannan tsakar gidan, ita kuwa ba a samu wanda ya fizge ba.

Kin tashi kin ji ana cewa kina da wa, ɗan farina, wanda ya rasu kafin a haife ki, kuma zazzaɓi ne ajalinsa. Ba zazzaɓi ba ne. Babanki, Allah ya jiƙansa, ya sani. Kakarki Iya, uwarsa, ta sani. Dukansu sun tafi da maganar a cikinsu. Saura ni kaɗai, ga ciwon ƙafa ga hawan jini, kuma yadda hanya ta zama ban san ranar da za ku sake leƙo Wurno ba. Don haka ki ba Kulu nono ta yi barci, ki zauna ki karanta a hankali.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Marnona ina da zafin nama, kuma na san ina da shi, wannan shi ne ciwon. Kafin matan gida su gama surfe na yi daka, na yi tankaɗe, na ɗora ruwa. Amma duk abin da na gama aiki da shi, inda hannuna ya tsaya nan zai kwana. Wuƙa a kan tabarma, muciya a bakin rijiya, ashana a cikin kwanon gishiri. An taɓa kwana biyu ana neman ludayin miya, sai ga shi a akurkin kaji. Iya ta sa mini suna Guguwa. Takan tsaya a ƙofar madafi ta riƙe ƙugu ta ce, "Wagga ɗiya, aikinki shina da kyau, amma kayanki ba su da mazauni. Abu in kin ɗauko shi, maishe shi wurinai, ko da tukunya tana ƙonewa." Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce to, in ta juya baya in murguɗa baki. A raina cewa nake tsohuwa ce ba ta da aiki sai sa ido, wa ya kai ni gama abinci da wuri a unguwar nan?

Wannan halin ba ki bar shi a ƙasa ba, har yadda kike jefar da murfin tukunya irin nawa ne. A gidana kin sha, don ina bayanki ina tsincewa. A Goronyo ba mai tsince miki. Ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, ga yara biyu, ga kayan noman maigida, in ba ki ba kowane abu wurinsa tun ranar farko ba, ɗakin zai fi ƙarfinki kafin sati. Kada ki ce sai kin huta gajiyar mota. Ki raba ɗakin gida biyu a ranki, sama da ƙasa. Duk inda hannun Nasiru zai kai in ya taka kujerar tsuguno, to nasa ne, ki ɗauka zai taɓa abin da ke wurin, kuma zai kai shi baki. Ƙasa ta tabarma ce da kwandon tufafinsu da kwanukan roba. Wuƙa da reza da allura da ashana da ƙwayoyin magani duk su hau sama. Ki sa maigidanki ya buga miki ƙusoshi kafin ya wuce gonarsa ta Kagara, in ya ce sai gobe, ki ari guduma ki buga da kanki. In kin gama jera kaya, ki durƙusa a tsakar ɗakin ki duba ko'ina daga tsayin yaron, za ki ga abubuwan da ba ki gani a tsaye.

Takalman yara da katin rigakafinsu da zanen goyo ɗaya su zauna wuri guda kusa da ƙofa, kullum, kada ki canza musu wuri. Ba sai na gaya miki dalili ba. Ke kika iso mini da Nasiru a baya, takalminsa ƙafa ɗaya, kika ce kin tsaya laluben ɗayan har sai da maigidanki ya finciko ki. Allah ya sa kada a sake, amma ni dai na daina cewa wuri kaza ba za a taɓa shi ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi yabona ake yi a kansa. Da na haifi wanki na riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mini, har na wuce inda aka koya mini. Ban taɓa faɗin sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan". In zan ba shi nono sai na zaga bayan ɗaki. In ya faɗi a gaban mutane ya fasa baki, ina ji ina gani zan ci gaba da tsintar shinkafa har wata ta zo ta ɗaga shi. Mata suna cewa, "Ɗiyar Marnona akwai kunya, ko kallon ɗanta ba ta yi." Ni kuma in ji kaina ya yi girma. Da aka yaye shi ya koma ɗakin Iya, ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi koko. Yaro ne mai kyau, Luba, goshin babanki ya ɗauko, in yana dariya har shaƙewa yake. Yakan biyo ni madafi ya kama gefen zanena. In ba kowa sai in ɗauke shi in shinshina wuyansa in ba shi ƙanzo, in na ji motsi in dire shi da sauri kamar na ɗauki kayan sata. Har ya gane. In ya ji tafiyar mutum, da kansa yake zamewa ya sauka.

Gidan nan a lokacin cike yake da matan 'yan'uwan babanki, kuma da su na dogara. Ina cewa ai Iya na dubansa. Iya kuma in ta ga ya nufi madafi sai ta ce ai yana wurin uwarsa. Kowa na ganinsa, ba wanda ya ɗauki nauyinsa. Gidan hayar da za ku shiga na ji an ce ɗaki shida ne, kowanne da iyali. Za ki ga mata cike da tsakar gida ki saki jiki. Kada ki saki. In za ki shiga wanka ko za ki ɗibo ruwa, ki kama hannun yaron ki kai shi gaban mace ɗaya, ki kira sunanta, ki ce ga shi ki duba mini har in fito, kuma kada ki gusa sai ta amsa. In kin fito ki ce mata na karɓa. Za su yi miki dariya su ce kin cika tsirfa. Ki bar su su yi.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, zafi ya fara. Babanki ya tara mutane a fadama, ni ke da tuwon mutum goma sha biyar da za a kai musu kafin azahar. Iya kuma ta yi baƙi, yayyenta mata biyu sun zo daga Rabah, an shimfiɗa musu tabarma a gindin dogonyaro suna ta gaisuwa ba ƙarewa. Da hidimar baƙin nan Iya ba ta ba yaron kokonsa ba, ta ɗauka na ba shi. Ni ma ban ba shi ba, na ɗauka ta ba shi. Har hantsi ya ɗaga ba abin da ya shiga cikinsa, ko ruwa. Sau biyu yana zuwa yana kama zanena ina janyewa, don idon baƙi na kaina.

Itacen ɗanye ne, ya ƙi kamawa, sai na ɗauko kananzir na yayyafa. A kwalbar lemo muke zuba shi kamar kowa, da toshiyar tsumma a baki, kuma mazauninta kan katanga ne bayan madafi. Wuta ta tashi, ruwa ya tafasa, na shiga talge, sai na dire kwalbar a gindin turmi, na ce in na gama tuƙi na mayar. Taku huɗu ne tsakanin turmin da katangar, na sha auna su daga baya. Ran kasuwar da ta wuce babanki ya sayo lemo a irin wannan kwalbar, ya ɗora yaron a cinya ya ba shi ya kurɓa, yana ta lasar baki ana dariya.

Ina cikin tuƙi, hannu biyu a kan muciya, na ɗaga kai na hango shi tsugune a gindin turmi, ya cire toshiyar. Tsakanina da shi bai fi tsakanin ƙofar ɗakina da rijiya ba. Da na daka masa tsawa da sunansa, da ya saki, don yaro ne mai tsoro, kuma bai taɓa jin sunansa a bakina ba, mamaki kaɗai ya isa ya sa ya waiwayo. Sunan ya zo har kan harshena. Sai na dubi baƙin Iya, na ji kunya, na haɗiye shi. Na sassauta murya yadda surukar kirki take yi, na ce, "Iya, ku dubi yaronku."

Iya ta juyo ta ce, "Mi kic ce?"

Kafin in maimaita ya ɗaga kwalbar da hannu biyu. Ƙishirwa yake ji.

Abin da ya biyo baya ma kuskure ne a kan kuskure. Ya shaƙe yana tari, warin kananzir na fita ta hancinsa. Ɗaya daga cikin baƙin ta ce, "Ku ba shi manja shi amaye, hakanan mukan yi can wurinmu." Aka ɗura masa manja, aka sa masa yatsa a maƙogwaro, ya yi ta amai har ya galabaita. Da ya yi lamo muka ce ya samu sauƙi, aka kwantar da shi a ɗakin Iya. Ni kuwa, Luba, komawa na yi na ƙarasa tuwon. Na kwashe, na malmala, aka kai fadama a kan lokaci. Ban leƙa ɗakin ba sai da baƙin suka tashi alwala. Na tarar jikinsa ya yi zafi, haƙarƙarinsa na shiga yana fita kamar na ɗan tsako. Ko a lokacin ban goya shi na fita ba, na ce sai maigida ya dawo ya ba da izini. Sai bayan la'asar babanki ya shigo. Ya dube shi sau ɗaya, ya saɓa shi a kafaɗa, ko taɓon ƙafarsa bai wanke ba.

A asibiti wata ma'aikaciya, babbar mace, ta tambaye mu abin da aka ba shi. Da na faɗa mata sai ta rufe ido. Ta ce, "Wa yac ce ku sa shi amai? Aman nan shi yat tura mai shi cikin huhu. Da kun kawo shi tun da sahe yadda shike." Ba ta yi mini faɗa ba, na so a ce ta yi. Washegari da hantsi, kusan daidai lokacin da ya sha, Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa biyu da wata biyar.

Da aka zo gaisuwa ban yi kuka a gaban kowa ba, ai ɗan fari ne. Mata suka yi ta cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba, ina jinsu kamar in tsaga ƙasa in shige. Iya ce ta fara cewa zazzaɓi, don ta rufa mini asiri, ni kuma na bari aka tafi a haka. Ba ta sake kirana Guguwa ba har ta bar duniya, kuma ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Babanki ma bai ɗora mini laifi ba. Bayan an share makoki ya je wurin kafinta ya dawo da akwatin nan, ya kafa shi a bango inda ni kaina sai na yi ɗage nake kaiwa, ya sa kwaɗo, ya miƙo mini makullin. Ya ce, "Dut abin da ka iya kisa, nan ciki za shi zamna." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan abin ke nan, cikin shekara ashirin da muka ƙara tare.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma yardar ba ta hana ni ganin taku huɗun nan duk sa'ad da na shiga madafi ba. Kin tashi kin same ni mace mai tsari, mai faɗa a kan murfin randa, mai tashi tana cikin cin abinci don ta mayar da wuƙa wurinta. Ku da ƙannenki kun sha yi mini tsiya a kan haka, kuna cewa Inna ko allura ta ɓata sai ta hana gida barci. Ba haka aka haife ni ba. Koya na yi, kuma ba na so ki koya ta hanyar da na koya.

Don haka akwatin nan shi za ki fara kafawa, kafin gado, kafin labule. Maganin feshi, fiya-fiya, maganin ɓera, kananzir in kina da shi, duk ciki, a kulle, makullin a bakin zanenki. Fetur na injin ban-ruwa kuwa kada ya kwana ɗaki ɗaya da yara sam, ya zauna can wurin injin. Kada ki yarda a sake ɗura komai a gorar lemo ko ta ruwa in ba abin sha ba ne. Yaro bai san karatu ba, gora ya sani. Maigidanki mutumin kirki ne, ban da abin cewa a kansa, amma manomi ne, hannunsa ya saba da maganin har ya daina ganinsa a matsayin guba. Kada ki yi masa irin abin da na yi miki a gaban mutane. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ku biyu, ki gaya masa a hankali. In kin ga zai fi ji, ki ba shi takardar nan ya karanta, na yafe kunyar. Tufafin da yake feshi da su a wanke su dabam, kuma robar maganin in ta ƙare kada ki ce tana da kyau ki wanke ki zuba mai ko gishiri, a fasa ta a binne. Sannan ki roƙe shi izini tun yanzu, na dindindin, cewa duk ranar da yaro ya sha wani abu ko ya ƙone ko numfashinsa ya canza, za ki fita ba sai kin jira shi ba. In Allah ya kawo ranar, ba manja, ba madara, ba yatsa. Ki goya yaron, ki riƙe gorar a hannu don su ga abin da ya sha, ki tare mai babur na farko, ki kira maigidan a hanya.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne na kullum, waɗanda in an faɗa sai a ga kamar ba su kai a rubuta ba. In kin idar da sallar asuba, kafin tsintsiya, kafin wanke-wanke, ki fara da cikin yara. Ko ɗumame ne, ko koko, su ci su sha ruwa tukuna, yaron da ya ƙoshi ba ya bin kwalabe. Ki ware musu kofinsu da 'yar gorar ruwansu, kala ɗaya, a wuri ɗaya da hannunsu ke kaiwa, ki koya wa Nasiru cewa daga nan kaɗai ake sha. Kulu ta fara dafa bango, nan da wata ɗaya ba za ki kama ta ba. Bokitin wanki da ruwa rabi ya ishe ta, don haka in kin gama ki zubar ki kife, ko da za ki sake ɗiba nan da jimawa kaɗan. Murhu ki kange shi da turmi a kwance, kuma kada ki sauke tukunya mai zafi a bayanki. Duk lokacin salla, kafin ki ɗauki buta, ki ga kowannensu da idonki, ba ki ji muryarsa daga nesa ba. Sau biyar ke nan a yini, ba sai kin tuna ba, kiran salla zai tuna miki. Kafin rana ta faɗi ki yi musu wanka, su ci, ki sauke gidan sauro, sannan ki zaga ɗakin da rumfar sau ɗaya ki mayar da komai wurinsa.

Za a yi ranakun da ba za ki iya duka ba. Ranar cirar albasa za ta zo miki ke ma, da tuwon mutane da baƙi da yaro mai zazzaɓi a baya. Ranar ki bar shara, ki bar wanki, abinci ya makara, maigida ya ɓata rai, maƙwabta su ce ɗiyar Wurno ƙazama ce. Duk wannan ana kwana a tashi a manta. Ni tuwona ya isa fadama a kan lokaci, an ce ma ya yi daɗi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ban ce ki zubar da kunya ba, a cikinta aka haife mu, kuma tana da wurinta. Kada ki rungume shi a gaban surukanki, kada ki yabe shi a taro, wannan ba ya kashe kowa. Amma ki riƙa kiran Nasiru da sunansa. Ki fara a ɗaki, ke da shi, har bakinki ya saba, domin ranar da za ki buƙaci sunan ba za ki samu lokacin shawara ba. Satin da ya wuce na shigo ɗakinki neman almakashi, kina zaune kin ɗora shi a cinya kina tsefe masa kai da yatsa. Da ya ji tafiyata, kafin ki motsa, ya zame ya sauka da kansa. Ke ba ki lura ba. Ni na fita ban ɗauki almakashin ba, na shiga makewayi na daɗe.

Ki ba angona haƙuri a kan turewar da na yi masa, ki ce masa matarsa ta tuba. Na soya masa ƙuli-ƙuli mai sukari, yana cikin ƙaramin kwanon samira, ba a akwatin ba. Ke ma ki yafe mini, kada ki riƙe ni a zuci daga nesa. Gobe in motar ta tashi ba zan fito ƙofar gida ba, kada ki ɗauka fushi ne. Gidan nan zai yi mini girma, na riga na sani, shekara biyu na saba da tsintar takalman yara a ƙofar ɗakina.

Yau da kuka fita sallama da dangi, gida ba kowa, na je na zauna a gindin turmi. Turmin an canza shi sau biyu, wurin dai yana nan. Na ce bari in kira shi sau ɗaya da ƙarfi, yadda ya kamata in yi a ranar. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita, shekara kusan talatin ta yi mata yawa. Shi ya sa na ɗauko biro, ko hannu zai iya abin da baki ya kasa. Sunansa Ummaru. Ummaru ɗana. In kin yi salla ki sa shi a addu'a da sunansa, ki gaya wa Nasiru yana da kawu.

Allah ya tsare ki, ya tsare maigidanki a gona da hanya, ya raya miki Nasiru da Kulu ki ga jikokinsu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, ya sa in sake ganin fuskokinku. Na bar ku a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Innarki,
uwar Ummaru.